Ranar da Muka Kai 'Yan Aji Shida Gidan Rumfa

 



Da sakatare ya aiko mana cewa an ware mana lokaci mu yi bayanin ziyarar da muka kai ɗalibanmu fadar Kano, sai da muka so mu nemi uzuri. A zauren da ake maganar albashi, da ƙarin girman da ya maƙale, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, labarin yawon yara zai yi kama da wasa. Abin da ya sa muka amsa shi ne, mun dawo daga tafiyar nan da abu biyu: wani abu da muka gano, da wani laifi da muka yi. Mun ga dukkansu sun shafe ku kamar yadda suka shafe mu, saboda haka za mu faɗe su yadda suka faru, ba ƙari ba ragi.

Makarantarmu tana wani ƙauye ne yamma da birni, tafiyar da ba ta cika awa guda ba a mota. Yara 58 ne a ajinmu na shida. Wata rana a darasin tarihi muka rubuta a allo: Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Muka jero musu abubuwan da ya yi, cewa ya faɗaɗa ganuwar birni, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan da sarakunan Kano suke ciki har yau. Suka maimaita bayanmu da murya ɗaya kamar yadda suka saba, har da kari. Sai muka ce, to ina gidan nan yake? Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a Misira." Wata yarinya ta gyara masa, ta ce ai ya daɗe da rushewa. Da muka tambayi wanda ya taɓa ganin gidan sarki da idonsa, hannu huɗu aka ɗaga, su ma wucewa suka yi ta gabansa a kan hanyar dubiya asibiti.

Ba yaran muka ji wa kunya ba. A kwalejin ilimi an koya mana ziyarar ilimi a matsayin hanya guda daga hanyoyin koyarwa. Mun haddace amfaninta, mun zuba a takardar jarrabawa, an ba mu maki. Daga ranar da muka karɓi takardar shaida zuwa ranar da muke ba ku labari, kusan shekara 20 ke nan, ba mu taɓa fitar da yaro ko ɗaya daga harabar makaranta da sunan darasi ba. Kuma cikin mu ukun da muka shirya tafiyar, maza biyu da malama ɗaya, akwai wanda shi kansa bai taɓa shiga Gidan Makama ba. Ba za mu faɗi ko wane ne ba, yana zaune a nan. Kun dai san an yi shekaru da cire tarihi daga manhajar firamare aka cusa ragowarsa cikin nazarin zamantakewa, kafin a zo a dawo da shi. An dawo da darasin, amma yawancinmu da aka ɗora wa koyar da shi, abin da ke cikin littafi kaɗai muka riƙe.

Maganar neman izini ba za mu tsawaita ta ba, kowa a nan ya san yadda takarda ke kwana a kan tebur. Tamu ta yi mako biyar. Wadda muka aika fada da wadda muka aika gidan tarihi sun riga ta dawowa. Inda aikin yake shi ne taron iyaye.

Iyaye mata sun aiko da tsoron hanya, kuma suna da gaskiya. Wasu iyaye maza sun ce 'ya'yansu mata ba za su ba, sai da malamarmu ta bi gida gida ta ɗauki alkawarin cewa ba za su rabu da ita ba ko da taku ɗaya. Amma maganar da ta fi tsaya mana a rai ta wani dattijo ce, kakan ɗaya daga cikin 'yan matan, wanda ya yi siyasar NEPU yana saurayi, ya bi PRP da girmansa. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Malam, mu mun sha ɗauri don kada talaka ya riƙa faɗuwa a gaban mutum ɗan uwansa. Yanzu ku ne za ku kwashi jikokinmu ku kai su a koya musu durƙuso?" Aka yi dariya, amma shi ba dariya yake ba. Muka ce masa, "Baba, Malam Aminu da kake maganarsa malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, tun NEPU ba ta zo ba. Sanin da ya yi wa sarauta ciki da bai ne ya ba shi bakin yi mata gyara. Yaron da bai san gidan ba, da me zai yaba shi, da me kuma zai soke shi?" Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya yarda, da sharaɗin duk tambayar da jikarsa ta yi kada a ce mata ta yi shiru. Ya ƙara da cewa wata shekara a kai su gidan Mumbayya. Muka ɗauki sharaɗin da sauƙi, ba mu san abin da muka ɗauko ba.

Muka yi lissafin mota biyu da abinci da ruwa, ya kama naira 2,000 kan kowane yaro. Yara 47 suka biya. Goma sha ɗaya ba su biya ba.

Ranar tafiya, tun kafin rana ta fito yara sun cika ƙofar makaranta, kowa ya sha wanka, an goge kayan makaranta da dutsen guga na gawayi. Muna kiran suna suna shiga mota, sai muka ga wata yarinya daga cikin goma sha ɗayan nan a tsaye gefe, ita ma ta wanke kayanta tas. Ta matso ta kwance bakin hijabinta, ta miƙo mana naira 700, ta ce, "Malam, Inna ta ce a karɓi wannan, ranar kasuwa za ta ciko." Muka koma gefe mu uku muka yi shawara. Muka ce in muka ɗauke ta mun zalunci sauran goman da suka haƙura suka zauna a gida, kuma iyayen da suka ci bashi suka biya cif za su ji haushi. Hujja ce mai kyau a baki. Muka mayar mata da kuɗinta muka ce ta yi haƙuri. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure kuɗin, ta koma inda take, tana nan tsaye har motocin suka tashi. Akwai gurbi a mota ta biyu. Za mu dawo kan wannan.

Ta Ƙofar Kabuga muka shiga birni, muka sa direba ya rage gudu, muka ce wa yara ta nan sojojin Turawa suka shigo a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari. Muka nuna musu abin da ya rage na badala, inda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka bar ta, muka gaya musu tun zamanin Sarki Gijimasu aka ɗora harsashinta, shekara ɗari tara ke nan ko kusa da haka. Suka hango Goron Dutse, aka yi ta musu a mota ko shi ne Dala, har sai da direba ya raba gardama.

Da Gidan Makama muka fara, don yana dab da fada, kuma an ce nan Rumfa ya zauna kafin ya gina gidan da ake kira da sunansa. Jami'in da ya zagaya da mu ya yi haƙuri da yara ƙwarai. Sun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, sun ga sulke da lifidi da kwalkwali da bindigogin da, sun ga hotunan sarakuna. Maza suka maƙale wa kayan yaƙi sai da muka janye su. Ba mu daɗe ba, domin an ba mu lokaci a fada.

Da muka fito filin Ƙofar Kudu, surutun da ya cika mana kunne tun daga ƙauye ya ɗauke ɗif. Muka tsayar da su muka ce, nan ne ake jahi ranar Hawan Daushe, bayan sarki ya je ya gaishe da Mai Babban Ɗaki ya dawo. Muka ce musu ƙofar asali ta arewa ce, Ƙofar Fatalwa, wajen babban masallaci. Wannan ta kudu daga baya aka yi ta, a ƙarni na 19. Muka ce gidan ya haura eka 30, wato ya fi duk gidajen ƙauyenmu in an haɗa su wuri ɗaya, kuma gari ne sosai a ciki, da unguwanni da bargar dawaki da mutanen da aka haifa a ciki aka haifi iyayensu a ciki. Dogarai da jajayen kaya masu ratsin kore suka taho, yara suka ɓuya bayanmu. Wani dattijo daga cikinsu ya yi murmushi ya ce, "Ku fito, jikokina, ba a dukan baƙo a gidan nan." Aka cire takalma, muka shiga.

Mai martaba bai zauna fada a lokacin da muka je ba, saboda haka ba a yi durƙuson da dattijonmu yake gudu ba, sai gaisuwar da kowane yaro mai tarbiyya zai yi wa sa'an kakansa. An bi da mu ta soraye, an nuna mana Soron Ingila inda ake karɓar manyan baƙi, an yi mana bayanin Tara ta Kano, majalisar da Rumfa ya kafa, da masu zaɓen sarki huɗu: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Mu kuma muka ƙara musu da labarin Shehu Magili, malamin da ya zo daga Tilimsan a zamanin Rumfa, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarki, har da wajibcin sauraron wanda aka zalunta da tsare dukiyar jama'a. Mun so su ji cewa tun shekara 500 da suka wuce malami ne yake gaya wa mai mulki iyakarsa, mai mulki kuma ya nemi a gaya masa. Yara suna rubutawa a littattafansu, mu kuma muna jin daɗi, darasi yana tafiya yadda muka tsara.

Sai jikar dattijo ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kun ce Rumfa ne ya gina gidan nan. Shi kaɗai? Wa ya ɗebo masa ruwa? Wa ya kwaɓa ƙasar?" Malamarmu ta buɗe baki za ta ce mata ta bari sai mun koma, sai ta tuna alkawari. Muka dubi dogari, dogari ya dube mu. Muka ce mata talakawa ne da bayi, da magina masu sana'a da suke jagorantar aikin. Ta ce, "Ina sunayensu?" Muka ce littafin Tarihin Kano ya jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda, amma bai jero masu ɗaukar ƙasa ba. Muka ƙara mata da cewa bautar cikin fada tana da fuska fiye da ɗaya, don Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautu ne na bayin sarki, kuma an yi zamanin da masu riƙe da su suka fi hakimai da yawa ƙarfin faɗa a ji. Wannan ya ƙara rikita ta, ta ce yaya bawa zai fi ɗa iko? Dattijon dogari ya yi dariya ya ce, "Yarinya, ke alƙali za ki zama." Ta kuma tambayi inda matan gidan suke, aka ce mata cikin gida ba wurin baƙi ba ne, jakadiya ce take kai saƙo ta kawo. Ta rubuta kalmar jakadiya, ta ja mata layi biyu.

Da muka fito muka jera su a inuwa don ƙidaya, kamar yadda muke yi a kowace tsayawa. Muka samu 46. Muka sake. Arba'in da shida. 'Yan uwa, duk wanda ya taɓa riƙe ɗan wani ya san abin da ya sauko mana a wannan lokacin. Cikin minti goman da suka biyo baya babu abin da bai zo mana a zuciya ba: fuskar uwar yaron, da ofishin 'yan sanda, da takardar izinin nan da muka karanta sau uku ba mu ga layi ɗaya da ya ce wa zai tsaya wa malami in wani abu ya faru ba. Ɗayanmu ya nufi titi, malama ta tsare sauran, mu muka koma ciki da gudu ba takalmi.

A cikin soro muka same shi, shi da dattijon dogari, ya ɗaga kai sama yana nuna rufi da yatsa. Kuma ba dogarin ne yake masa bayani ba. Shi ne yake yi wa dogari.

Sai mun gaya muku ko wane ne yaron nan. Ubansa magini ne, maginin ƙasa, irin waɗanda aikinsu ya koma gyaran katangar da damina ta zubar tun da bulo ya shigo ƙauye. Yaron yakan zo makaranta da jar ƙasa a farce saboda yana taya uban kwaɓi da asuba, 'yan aji suka laƙaba masa wani suna na tsokana da ba za mu maimaita a nan ba. A baya yake zama. Shekara biyu muna koyar da shi ba mu taɓa jin ya yi jimla uku a jere ba, kuma a takardar sakamakonsa mun sha rubuta masa "ya ƙara ƙoƙari", wanda kun san ma'anarsa a wurinmu. A farkon shekara da muka sa kowa ya faɗi sana'ar ubansa, cewa ya yi manomi ne.

Mun shiga da niyyar faɗa, faɗan ya tsaya mana a maƙogwaro. Muka aika aka shigo da sauran, muka ce ya maimaita. Ya yi ɗari-ɗari, sa'an nan ya fara. Ya ce wannan lanƙwasar sunanta bakan gizo, kuma ba ƙasa ce zalla ba, akwai azara a cikinta. Ya ce azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta, amma in aka shimfiɗa ta a faɗi mai yawa aka ɗora mata nauyi sai ta saki. Saboda haka ake kafa ta a jikin bango, kowace tana ɗan leƙowa gaba da wadda take ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta sha iska, kana a ɗora ta gaba, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama. Ya nuna inda bakuna suka gicciye a tsakiya ya ce ɗaurin guga ke nan. Ya ce tubali ba a kwantar da shi kamar bulo, a tsaye ake jera shi, mai faɗin yana ƙasa. Ya faɗi makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don kada ruwa ya ci bango. Ya ce kaurin bangon ne ya sa muka ji sanyi da muka shigo, alhali waje rana tana dukan ƙeya. Wani daga cikin masu tsokanarsa ya ce, "Kai wa ya gaya maka?" Ya ce, "Babana." Dattijon dogari ya dafa kansa ya ce, "Duk abin da ya faɗa haka yake. Ka gaishe min da babanka, ka ce masa sana'arsa tana da sarki a garin nan, Sarkin Magina ake ce masa."

Mun tsaya a kan wannan ne domin a nan muka gane abin da muka daɗe muna koyarwa ba da saninmu ba. Yaranmu kusan duka a ɗakin ƙasa suke kwana. Littafin da ke hannunsu, in ya zana gida mai kyau, na bulo da kwano yake zanawa, in ya zana na ƙasa to misalin talauci ake bayarwa. Mu kanmu in za mu zaburar da yaro cewa muke ya yi karatu ya fitar da iyayensa daga gidan ƙasa. Ba mu ce burin laifi ba ne. Wanda katanga ta taɓa faɗo wa cikin watan Agusta ya san dalilin son siminti, kuma ita fadar ma an sabunta sassa da yawa nata da kayan zamani. Amma a hankali mun sa yaro ya ɗauka duk abin da ubansa ya sani ba ilimi ba ne, har ya kai ga ɓoye sana'ar gidansu. Sai ga shi ya shiga gida mafi daraja a ƙasar Kano ya tarar da ƙasar nan da ke farcensa, da ɗaurin nan da yake riƙe wa ubansa igiyarsa. Mun je ne mu nuna wa yara girman sarakuna. Amsar tambayar da yarinyar nan ta yi, wadda muka ce littafi bai rubuta ba, ashe wani yanki nata yana zaune a bencin baya na ajinmu shekara biyu.

Muka yi sallar azahar a babban masallaci, muka ci dafa-duka a inuwa, yaro ɗaya ya yi amai a hanya, taya ɗaya ta yi faci, muka isa gida kafin magariba da yara 47.

Bayan mako biyu muka gayyaci maginin makaranta. Ya ƙi sau biyu, yana cewa shi da bai yi boko ba me zai gaya wa 'yan boko. A karo na uku ya zo da babbar riga. Ya sa yara suka kwaɓa ƙasa da ramno a bayan aji, kowa ya dunƙula tubalinsa, ya yi musu ƙaramin baka da karan dawa don su ga yadda nauyi yake sauka. Malamin lissafi ya tsaya yana kallo, daga baya ya ce mana ya samu hanyar koyar da kusurwa. Mu kuma muka ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, don su san akwai maginin da tarihi ya riƙe sunansa. Ba za mu ce muku yaron ya koma na ɗaya a aji ba, bai koma ba, karatunsa na Turanci har yanzu da sauran aiki. Amma ya dawo benci na biyu da kansa, kuma sunan tsokanar nan ya mutu. Dattijon NEPU kuwa ya aiko mana da goro, da saƙon cewa jikarsa ta hana shi barci da tambaya.

Yanzu sai laifinmu. Washegarin tafiya aji ya rabu biyu. Arba'in da bakwai suna ta labari, suna kwaikwayon tafiyar dogarai, goma sha ɗaya suna zaune suna kallon allo. Muka ce kowa ya rubuta abin da ya gani, sai muka tuna akwai waɗanda ba su ga komai ba. Muka ce su su rubuta abin da suka ji, muna faɗa muna jin nauyin bakinmu. Da jarrabawa ta zo muka cire duk tambayar da ta shafi ziyarar, don ba za mu auna yaro da abin da kuɗi ya hana shi ba. Yarinyar nan mai naira 700 tana cikin masu ƙoƙarin ajin. Ba ta daina gaishe mu ba, ba ta daina yin aikin gida ba, amma tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a darasin tarihi ba. Mun yi mata magana, ta ce ba komai. Naira 1,300 ce ta rage mata. Mu uku ne, da kowa ya cire abin da bai kai kuɗin katin waya na mako ba, da ta shiga motar. Da mun yi tunani tun farko, da mun rage abincin, ko mun nemi wani mai hali a gari ya ɗauki nauyin goma sha ɗayan gaba ɗaya. Mun kira abin da muka yi adalci, alhali gudun surutun iyaye ne. Makarantar gwamnati muke koyarwa, wadda aka ce kyauta ce kuma dole, sai ga shi darasin da ya fi kowanne amfani a shekarar mun sayar da shi ga mai iya biya.

Saboda haka muke roƙon reshe abu biyu, kuma muna so a sa su cikin abin da za a tattauna yau, kada a ɗaga zuwa wani zama. Na farko, reshe ya tsaya a samar da rubutacciyar ƙa'ida ta fita da ɗalibai, a kai ta ga hukuma ta sa hannu: yara nawa ga malami ɗaya, wace irin mota, wace takarda iyaye za su cika, kwana nawa izini zai yi kafin a ba da amsa, kuma wa yake tsaya wa malami in tsautsayi ya auku bayan ya bi ƙa'idar. Muddin babu wannan, malami mai hankali zai zaɓi zama a aji, kuma ba za mu ga laifinsa ba, mun ɗanɗana minti goman nan. Na biyu, a buɗe ɗan asusu, ko da abin da za a fara da shi kaɗan ne, da sharaɗi guda: makarantar da za ta ci moriyarsa, ko dai aji ya tafi gaba ɗaya, ko kada kowa ya tafi. Mun san halin da aljihun kowa yake ciki, ba mu ce a ƙara cire wa malamai komai daga albashi ba. Akwai tsofaffin ɗalibai, akwai 'yan kasuwa, akwai masu sarautar garuruwanmu, kuma takardar da ta fito da hatimin ƙungiya ta fi ta malami ɗaya nauyi a hannunsu. Waɗanda Kano ta yi wa nisa, akwai fadar Rano da ta Gaya, akwai gidan hakimi, akwai kufai da tsohuwar marina kusan a kowace ƙasa.

Mu dai a namu ɓangaren mun riga mun yanke. Goma sha ɗayan nan saura musu zango ɗaya su fita firamare. Mun yi magana da direban da ya kai mu, ya yarda zai karɓi kuɗin mai kawai, mu uku mun haɗa rabi, maginin nan da kansa ya kawo abin da ya samu ya ce a sa. Mun sake rubuta takardar neman izini, yau kwananta 19 a inda take. Muna roƙon mai girma shugaba, in an tashi daga nan, ya ba mu mutum ɗaya daga kwamiti ya raka mu ofishin ranar Litinin.